Shekarar da Rabi Ta Hana a Juya Ta

Ku ajiye jawwal ɗin nan, wayoyin nan naku, ku matso. Jiya na ji ɗayarku, ba zan kama suna ba, tana cewa aikin gidan nan ai ba wani abu ba ne, wai wanka ne da ba da abinci da canza hafaza, ƙunzugun nan na manya, halas. Ban tanka ba don hannuna yana cikin baho. To yau hannuna a bushe yake. Ni Maryama da kuke ce wa Khala, wato inna, a unguwar Nuzla ta nan Jidda aka haife ni, kakata ce ta zo hajji da ƙafa ba ta koma ba. Na shigo gidan nan na unguwar Ammariyya da ƙuruciyata, ga shi yanzu sai na dafa bango nake miƙewa. Wani attajiri ne ya yi waƙafinsa don tsofaffin mata da marasa galihu tun ban san kaina ba. A cikinsa na ga wadda miji ya mutu ya bar ta ba kowa, na ga wadda 'ya'yanta suka sauke a bakin ƙofa suka ce gobe za su dawo.

Aikin farko da aka sa ni shi ne juyi, kuma Iya Dije ce ta koya mini. Ita ce babbar mai jinya a lokacin, gajeriya mai ƙarfin tsiya. Ta kai ni gaban wata tsohuwa da rabin jikinta ya shanye, ta ce, "Juya ta." Na kama hannun matar na ja. Ban san sanda Iya ta make mini hannu ba.

"Buhun shinkafa kika samu? Wa ya ce miki ana jan mutum da fatarsa?"

Sai ta nuna mini. Zani ake ninkawa biyu a shimfiɗa ƙarƙashin mace daga kafaɗa zuwa cinya. Ki lanƙwashe mata gwiwa, ki ɗora hannunta a ƙirji, ki gaya mata za ki juya ta ko da ba ta jin magana, sannan ki ja zanin. Matashi ɗaya a baya, ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya ƙarƙashin ƙwauri don kada diddige ya taɓa katifa. Duk awa biyu, ba uku ba. In kika bari lokaci ya wuce, naman da ta danne sai jini ya daina kai masa, ya fara mutuwa tun daga ciki, kafin ki ankara gyambo ya buɗe.

Littafin da nas-nas suke karantawa ya ce a duba inda ya yi ja. To a fatarmu ina jan yake? Iya Dije ta ce, "Idonki ba zai gani ba, sa bayan hannu." Wurin da ya fi sauran zafi, ko ya yi tauri, ko yake ƙyalli, nan ne. Ki laluba ƙugu, ƙarshen ƙashin baya, diddige, har bayan kunne. Shekara biyu ina bin ta da tawul da kwalbar man zaitun kafin ta yarda in shiga ɗaki ni kaɗai. Katifar iskan nan da kuke gani mai hura kanta, a lokacin babu ita. Ko yanzu da take nan, kada wadda ta yaudari kanta, katifa ba ta juya mutum.

Majinyata kuwa kowa da halinta. Akwai wadda ba ta buɗe baki sai kin rantse mata tuwo ne, ba shinkafar Larabawa ba. Akwai mai ɓoye dabino ƙarƙashin matashi har tururuwa su cika gado. Akwai mai zagin ki har kakanninki kina mata wanka, ki gama ta kama hannunki tana sa miki albarka. Duk wannan ba ya kashe kowa. Abin da ke cin su shi ne wuni guda ba wanda ya tambaye su komai sai "kin yi fitsari?" Shi ya sa in mai dubiya ta shigo, murna muke yi.

A nan ne Iya Dije ta koya mini wani abu da na so a ce ba ta koya mini ba, Allah Ya jiƙan ta. Wata rana baƙuwa ta zo gaida wata tsohuwa, na tsaya ina ninke zani. Iya ta janyo ni waje ta ce, "Ke ba ki da kunya ne? Mutum ya zo gaida mara lafiya kin tsaya musu a ka? Ba su wuri." Haka muka taso, in mai dubiya ta shiga, mai jinya ta fita. Ba a tambayar ta daga ina, ba a tambayar ta wace ce, ai lada ta zo nema. Kuma in faɗa muku gaskiya, ba kunya ce kaɗai ba. Wannan rabin awar ita ce kaɗai lokacin da nake samu in zauna in sha shayi da zafinsa.

Shekarar da ta fi kowace muni a aikina ita ce shekarar Rabi. Ita ba tsohuwa ba ce, ba ta wuce talatin ba. Haifaffiyar unguwar Kurayyat ce, aikatau take yi a wani gida, tana goge taga a bene ta zamo ta faɗo, bayanta ya karye. Daga ƙirji zuwa ƙasa ba motsi, hannu da baki ne kawai suka rage. Iƙamarta, wato takardar izinin zamanta a ƙasar nan, ta mutu tun rasuwar babanta, don a kan tasa take, ba kuma wanda ya tsaya mata kafili, wato ɗan ƙasa mai ɗaukar nauyinta. Da asibiti suka sallame ta ba inda za ta, sai mudira, shugabar gidan nan, ta tausaya ta karɓe ta ba tare da an rubuta sunanta a ko'ina ba. Ku riƙe wannan, duk abin da ya biyo baya a kansa ya rataya. In hukuma ta san da ita, a tunaninmu gidan tarhil za a kai ta, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, a sa ta a jirgi zuwa Najeriya da ba ta taɓa gani ba. Wa zai juya ta a can?

Ɗaki ɗaya muka sa ta da Iya Dije, don a lokacin Iya ita ma ta kwanta, gwiwa ta ƙi, ido ya dushe. Rabi yarinya ce mai kai. Larabcinta ba ki bambanta shi da na 'yan gari, Hausarta kuma ta fi tawa, don uwarta ba ta yarda a yi Larabci a ɗakinta ba. Wata safiya ina shafa mata mai a ƙugu, fuskarta na bango, ta ce, "Khala, ni yanzu mene ne amfanina a duniya?"

Na ce, "Ki gode wa Allah da Ya bar ki da rai." Na sa matashi, na wuce ɗaki na gaba, don akwai mutum shida suna jira na. Wallahi iyakar abin da na ce mata ke nan, kuma har gobe ina jin haushin kaina.

Ran wata Alhamis bayan la'asar wata mata ta yi sallama da katan biyu na hafaza da kwalin dabino. Baƙaƙen kaya har safar hannu, wanda a Jidda ba abin kallo ba ne. Ta ce sunanta Umm Anas, uwarta Bahausa ce amma ita Hausar kaɗan take ji. Muryarta a sanyaye. Ta gaida tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, da ta zo kan Rabi sai ta ja kujera. Ta ce, "Khala, wannan baiwar Allah tsohuwar ba za ta so shan iska ba?" Na ɗora Iya Dije a keke na tura ta tsakar gida, na ja musu ƙofa da hannuna, na je na dafa shayina.

Da farko alheri muka gani. Rabi ta fara cin abinci, ta ce a tsefe mata kai a yi kitso. Umm Anas ta kawo mata jawwal da abin sawa a kunne, tana zuwa Litinin da Alhamis, duk zuwa ina fitar da Iya in ja ƙofa. In na shiga juyi sai in tarar Rabi tana magana a jawwal da Hausa, ta tsayar in na matso. Na tambaye ta, ta ce, "Karatu nake fassarawa, Khala. Akwai mata da yawa da ba sa jin Larabci, muryata suke saurare." Ta faɗa idonta na haske. Na ce masha Allah. Har mudira na gaya wa cewa yarinyar nan ta samu abin yi.

Iya Dije ce ta fara lura, ita da ba ta gani. Ina mata wanka ta ce, "Maryama, kwana huɗu ke nan ina gaida yarinyar nan ba ta amsawa."

Na ce, "Iya, abin kunne ne ya toshe ta."

"Ni kike gaya wa? Ina jin numfashinta. Ji take yi, ta ƙi."

Bayan nan Rabi ta ce a rataya labule tsakanin gadonta da na Iya. Na tambayi dalili, ta ce salatin da Iya ke ja da carbi da safe shirka ne, ba ta son ya shiga kunnenta. Tsohuwar da ta kwashe shekara arba'in tana kwashe kashin mutane don Allah, wai ita ce mushrika! Raina ya ɓaci, amma na ce ciwo ne ke sa ta, na rataya labulen don a zauna lafiya.

Sai maganar nas. Akwai Sista Lorna, 'yar Filifin, Kirista, tana zuwa sau biyu a mako ta canza robar fitsari ta duba fata. Mace ce mai hannu mai kyau, Rabi da kanta a da har wasa take mata. Ran nan Sista ta sa safar hannu ta ɗaga zani, Rabi ta buge mata hannu ta ce da Larabci kada kafira ta ƙara taɓa ta. Sista ta fito idonta ya cika da ƙwalla. Na ba ta haƙuri, na ce ta nuna mini, zan riƙa yi. Kun ga na biyu ke nan da na gani na rufe.

Na uku ni ya faɗo wa. Watan Maulidi na dafa tuwo na raba wa tsofaffi kamar yadda nake yi duk shekara, muka ɗan yi yabon Annabi a tsakar gida. Washegari na shiga juyin safe, na kama bakin zani, sai Rabi ta riƙe ƙarfen gado da hannu biyu.

"Kada ki taɓa ni."

"Rabi, ni ce, Khala."

"Na san ke ce. Ke ma irinsu ce. Umm Anas ta ce gara jikina ya ruɓe da hannun 'yan bidi'a ya hau shi. Ita za ta riƙa juya ni."

Na ce, "Ke yarinya, kanki ɗaya? Sau biyu a mako take zuwa, ke kuwa duk awa biyu ake juya ki!" Ta mayar da abin kunnenta. Daga ranar ba ta ƙara ce mini Khala ba.

Kada ku zaci zuba mata ido na yi. Na juya ta da ƙarfi ba sau ɗaya ba. Ga tabon haƙorinta nan a hannuna, ku duba. In na juya ta, ina fita sai ta zare matasan ta watsar, ta ja ƙarfen gado ta koma rigingine. In na matsa ta kurma ihu har masu shagon ƙasa su leƙo, ni kuwa ihun nan shi nake tsoro, kada wani ya kira 'yan sanda. Na gwada lokacin barcinta na rana, ina taɓa zanin ta farka. Abinci kuwa sai dai in ajiye in fita.

Wata rana da hantsi ina goge ƙasa a bayan labulen, ba ta san ina nan ba, na ji abin da take fassarawa. Da wannan muryar mai daɗi take gaya wa wasu mata cewa iyayensu da mazansu sun fita daga addini, su tattara su gudu, akwai masu karɓarsu a wata ƙasa, kuma jinin duk wanda ya tare musu hanya ya halatta. Innalillahi. Na zauna a kan bokiti. A nan na gane me Umm Anas ta zo nema a gidan tsofaffi. Harshe ta zo nema, mai Hausa da Larabci, wanda yake kwance wuri ɗaya ba mai sa masa ido.

Na tura Iya Dije tsakar gida na gaya mata. Na ce, "Iya, in na faɗa wa mudira, dole ta kai gaba wurin hukuma. In ta kai gaba, takarda za su fara tambaya."

Iya ta ce, "'Yarmu ce. A yi ta a cikin gida. Ki tari matar ki ce kada ta ƙara zuwa."

Ku da kuka zo kwanan nan ba za ku gane ba. Mu da aka haifa a nan, tun muna goye aka koya mana ba a kai maganarmu ofis. Faɗa, sata, rikicin aure, duk dattawa ke kashewa a cikin unguwa, don duk wanda ya taka ofis sai an tambayi iƙamar gidansu kaf. Rufin asiri muke kiran sa, kuma ya rufa mana asiri sau da yawa. Shi na bi.

Ran Alhamis na tsaya a bakin ƙofa. Umm Anas ta zo da ledar lemo. Na ce, "Baiwar Allah, mun gode da alherinki, amma daga yau ki dakata. Na ji abin da kike sa yarinyar nan."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Khala, ke iƙamarki tana da rai?"

Na ce tana da rai.

"Alhamdulillah. Ta Rabi fa? Mudira ta rubuta ta? Kira ɗaya ne, Khala, kuma ba na so in yi." Ta miƙo mini ledar lemon, ta raɓa ta gefena ta shige. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, na bi ta na fitar da Iya Dije kamar kullum.

Sau ɗaya na leƙa na ga yadda Umm Anas take juyin. Da hannu take jan yarinyar, fata na gogar katifa, ba matashi ba komai, fuskarta a kawar. Ko minti biyu ba ta yi ba ta koma kan jawwal.

Mako shida aka yi a haka. Sai wari ya fara. Duk wadda ta yi aikin nan ta san shi, ba na fitsari ba ne, ba na kashi ba, turare kuma ba ya danne shi. Zazzaɓi ya rufe Rabi, muryarta ta dishe, ba ta iya ɗaukar magana mai tsawo. Litinin ta zo, Umm Anas ba ta zo ba. Alhamis ma haka. Rabi tana ta kiran lambar, a kashe. Ta ce wa bango, ba ni ba, "Tana shirya mini tafiya ne. Ta ce za su zo da mota su ɗauke ni."

Sista Lorna ce ta tare ni a kicin. Ta ce ita dai ba za ta ƙara yin shiru ba, ko in faɗa ko ta faɗa. Wadda aka kira kafira ita ce ta fi mu tsayawa a kan ran yarinyar. Na shiga ofishin mudira na zayyana komai, tun daga labule har abin da na ji a bayansa. Mudira ta dafe kai ta ce, "Tun yaushe, ya Maryama?" Na ce wata biyu. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ɗauki waya a gabana ta kira hukuma.

Washegari da safe jami'ai suka zo, mata biyu da namiji ɗaya, namijin ya tsaya a waje. Na tsaya ina jiran a ce a kawo takarda. Suka karɓi jawwal, suka yi mini tambayoyi kan Umm Anas, kamanninta, ranakun zuwanta. Ɗaya daga cikin matan ta ɗaga zanin Rabi, wadda a lokacin ba ta da ƙarfin riƙe ƙarfe. Ramin da ke ƙarshen bayanta dunƙulen hannuna zai shige, ana hango ƙashi. Matar ta saki zanin ta ce a kira motar asibiti yanzu-yanzu. Har suka tafi ba wanda ya ce ina iƙama. Ko sau ɗaya. Abin da na kwashe wata biyu ina tsoro har na bar bayan yarinya ya ruɓe, ba wanda ya ko tambaya. Ban ce da na faɗa da wuri ba za a tambaya ba, ban sani ba. Amma ko tarhil ɗin ne, da da bayanta lafiya za ta tafi.

Bayan nan ne aka kai mu horo, aka ba mu takardar nan da ke manne a kicin, mai jerin alamomi, aka ajiye littafin baƙi a ƙofa. Na ga kuna karanta ta kuna gyaɗa kai kamar kun gama sani. Takardar ba ta yi ƙarya ba, amma ba za ta gaya muku cewa alamar farko murna ce ba, mara lafiya ta fara cin abinci ta nemi kitso. Ba za ta gaya muku kunyar da za ku ji in kun ja kujera kun zauna a gaban baƙuwa mai carbi da sadaka ba. Ku zauna duk da haka, ku ninke zani, ku yanke farce, amma kada ku fita, kada kuma ku fitar da abokiyar ɗaki. In majinyaciya ta tambaye ku amfaninta, ku ajiye bahon ku amsa, ku nemo mata abin yi kafin wani ya nemo mata. In kun ga ta daina amsa gaisuwar wadda suke ɗaki ɗaya, ranar za ku faɗa wa mudira, ba sai an kai ga cizo ba. Ban ce wannan zai tsare kowa ba. Yanzu ma ba sai sun taka ƙofa ba, ta jawwal suke shigowa, mu kuwa biyu ne a kan mutum goma sha huɗu. Umm Anas ban ƙara jin labarinta ba. Muryar Rabi kuwa an ce mini har yanzu tana yawo a wayoyin mata, ba wanda ya isa ya kwaso ta.

Kwana tara Rabi ta yi a asibiti. Likita ya ce ƙwayar cutar ta shiga jini. Kullum bayan azahar nake zuwa in zauna, ba ta kallo na. Rana ta takwas ta buɗe ido, hankalinta ya ɗan dawo, ta motsa baki. Na sunkuya na kai kunne. Zuciyata ta ce yau za ta ce Khala.

Ta ce, "In na mutu, kada ki yi mini wanka. Ki jira Umm Anas."

Na ce, "Rabi, ba za ta zo ba."

"Za ta zo. Ki jira."

Washegari da hantsi ta cika. Aka kai ta ɗakin wankan gawa na masallacin da ke kusa da asibitin. Ba uwa, ba 'yar'uwa, ni kaɗai. Matar da ke kula da wurin ta ce yalla, maza a fara. Na ce ta yi haƙuri, mamaciyar ta bar wasiyya, akwai wadda ake jira. Ku yi mini dariya in kuna so, na san ba mai zuwa, amma na zauna a kan bencin bakin ƙofa. Aka yi azahar. Duk mace mai baƙin kaya da ta gifta sai na miƙe. Da aka kusa la'asar matar ta fito ta ce za a yi salla da sauran gawawwaki, ko a wanke ta yanzu ko ta kwana a firiji.

Na naɗe hannun riga na shiga. Na haɗa ruwa da magarya, na toshe ramin bayanta da auduga don kada ya ɓata likkafani, na tsefe kitson da ni na yi mata da hannuna, na raba gashin uku. Ina zuba ruwa ina ce mata ta yafe mini, na jira Umm Anas, ba ta zo ba.